Randar Ƙofar Chamnian

Chamnian ta girme ni da shekara huɗu, shi ya sa Yaya nake ce mata. Gidanta na kan hanyar da ta fita daga ƙauyenmu zuwa garin Rayong, rumfar da nake facin taya kuma tana kallon ƙofarta. A bakin ƙofar akwai randa a kan benci, da moɗar ƙoƙon kwakwa. Duk mai wucewa sai ya sha, ba neman izini. Haka uwarta ta yi, ita ma ta yi shekara talatin da ɗoriya tana yi.

Tana da tsarinta. Da la'asar ta buga famfon rijiyarsu ta cika randar, ta ɗauko dunƙulen alif ta yi ta juya shi a ciki har hannunta ya gaji, sannan ta yafa ƙyalle shara-shara a baki saboda sauro, ruwa ya kwana. Mijinta Bunlue kuwa ba ta yarda ya sha ruwan da ya kwana. Nasa daga bakin famfo sai kofi, da sanyinsa. Girmamawa ce.

Nakan tsokane ta. "Yaya, mu 'yan titi sai kwantai, mai gida kuwa sai sabo?"

"Kana sha kyauta har da zaɓe? Je ka sha na bahon da kake gwada taya."

Masana'antun roba suka zo suka zauna bayan gonakin rogo. Ruwan bai sake launi ba, bai yi wari ba. Bayan shekaru idon Bunlue ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, asibiti suka ce dajin hanta ne. Da damina muka kai shi makwanci.

Shekara biyu da rasuwarsa ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida suna ɗibar ruwan rijiyoyi a ƙananan kwalabe. Da sakamako ya fito, wata ma'aikaciya mai suna Ratri ta tsaya a ƙofar Chamnian, ina jin su daga rumfa. Ta ce wani sinadarin da ake yin bututun roba da shi, binil kuloraid, ya tsiyaya cikin ƙasa ya kai rijiyar. Wanda ya daɗe yana sha, yana iya cin hantarsa.

"Ai ina sa alif, 'yata."

"Inna, alif laka yake kwantarwa. Ba ya taɓa wannan."

A gabana Chamnian ta tuntsurar da ruwan, ta kife randar. Kwana uku ban ga ta fito ba. A rana ta huɗu ta zo ta zauna a kan tsohuwar taya, ta fara kiran sunaye: 'yan makaranta, direbobin a-kori-kura, masu tsagar itacen roba, sufayen gidan ibada da ke wucewa da kwanon bararsu da safe, da ni.

"Na ɗauka lada nake tarawa," ta ce. "Kai ni wurin yarinyar nan. Ina so in ji mutum nawa na cuta."

Na ɗauke ta a babur. Ratri ta sa ta faɗi yadda take yi da ruwan, dalla-dalla. Da ta ji batun juyawa da ƙyalle da kwana, sai ta ajiye biro. Ta ce abin nan ba ya son zama cikin ruwa, iska yake bi. Ruwan da aka kaɗa aka bari ya kwana a buɗe, mai yawa daga sinadarin ya fice daga cikinsa, ko da ba duka ba. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda aka sha nan take daga famfo.

Chamnian ta dubi Ratri.

"Wato na kofi."

"Ban ce shi ya kashe shi ba, Inna. Ba wanda zai iya ce miki haka."

"Ba ki kuma ce ba shi ba ne."

Na mayar da Chamnian gida a babur.

Daga washegari ta shiga bin gidajen waɗanda ta lissafa, tana ce musu su je a duba jininsu. Wasu suka gode, wata mata ta rufe mata ƙofa. Ni ta fara turawa, nawa ya fito lafiya. Rijiyar aka toshe ta da siminti, tankar hukuma ta fara kawo ruwa sau biyu a mako.

Randar ta yi wata bakwai a kife. Wata safiya na zo buɗe rumfa na gan ta a zaune bisa benci, cike da ruwan tanka, da ƙyallenta a baki. Mutane na wucewa, ba wanda ya taɓa moɗar. Chamnian ta fito ta ɗiba, ta sha rabi a idon kowa, ta tsallako titi ta miƙo mini sauran.

"Kwantai ne," ta ce. "Za ka sha, ko bahonka ya fi?"

Na karɓa na shanye.