Takardar da Na Sa a Aljihun Mudarrib

Sallama ga edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara goma sha uku, a ƙarshen shekarun saba'in, ina makarantar 'yan mata a Jidda. Gidanmu yana Ammariyya. Kakanninmu alhazai ne daga ƙasar Hausa da suka zo suka zauna. Ni yarinya ce marar magana, ko malama ta kira sunana sai murya ta maƙale min, amma idona ba ya barin abu ya wuce. Daga yadda Baba ya ajiye takalminsa a bakin ƙofa nakan gane ko ya gaji.

Umma ce ke wanke kayan wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ta unguwa, ni kuma ina taya ta shanya a saman soro da ninkewa. Yayana, wanda ya girme ni da shekara shida, ɗan baya ne a ƙungiyar. Mai horar da su, wanda kowa ke kira mudarrib, mutumin Romaniya ne. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi ta kayansa. Gwiwar dama ta wandonsa ta fi saurin koɗewa, kullum tana ƙamshin man zafi, kuma akwai wani ƙyalle mai roba da ke biyo wankin. Usur ɗinsa a aljihun hagu na rigarsa yake mantawa da shi. Yaya ya ce a ƙasarsu shi ma ɗan baya ne, ya daɗe yana wasa. Larabcinsa bai wuce yalla, wato mu je, da halas, wato ya isa ba, sauran sai tafinta. Yaya yana ƙaunarsa ƙwarai. Ko abinci muke ci sai ya miƙe ya nuna mana abin da aka koya masa, wai ɗan baya ƙugun abokin karawa yake kallo ba ƙafarsa ba, har sai Umma ta ce ya zauna kafin ya ture mata tiren shinkafa.

Wata rana na lura Yaya ya daina zuwa masallaci, yana sallarsa a ɗaki. Da na leƙa sai na ga in ya zauna tahiya ba ya iya naɗe ƙafar hagu, gefe yake miƙe ta. Safarsa ta hagu ma ta buɗe daga sama. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ya ja ni saman soro, bayan rigunan da muka shanya, ya nuna min gwiwar. Ta kumbura sosai, tana sheƙi. Ya ce saura sati uku su yi wasan da mutanen wata babbar ƙungiya za su zo kallo, kuma shi ake cewa za su ɗauka. In mudarrib ya ji, benci zai zauna. Ya kira ni mai ido huɗu, ya ce tunda idona ya gano, to bakina ya rufe. Na yi masa alkawari.

Nan laifina ya fara. Sati biyu ni ce mai gasa masa gwiwar da ruwan zafi, in ɗaure ta tamau da tsohon zanen Umma da na yaga, yadda safa za ta rufe. Sau uku na je kantin magani na ce Umma ce ke ciwon kai, na karɓo masa ƙwayar kashe zafi. Da Umma ta tambayi dalilin sallarsa a gida, na ce gajiyar atisaye ce. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai lokacin, kuma ina jin daɗi a raina wai Yaya ya amince da ni.

Wata safiya ina shirin makaranta na gan shi yana saukowa daga bene, gwiwar ta lanƙwashe, ya zube a kan matakala. Ya yi dariya ya ce igiyar takalmi zai ɗaure. Silifa ce a ƙafarsa. Ranar ban ji komai a aji ba. Na san ba zan iya buɗe baki in faɗa wa Baba ba, sai na tuna da ƙyallen roba da ƙamshin man zafi, na ce a raina mai irin wannan gwiwar zai gane. Na yagi takarda daga littafina, na rubuta da mafi kyawun rubutuna cewa gwiwar ɗan bayansa mai lamba huɗu ta kumbura, ba ya iya naɗe ta a sallah, yana shan magani yana ɓoyewa. Ban sa suna ba. Da muke ninke wanki na tura ta aljihun hagu na rigar mudarrib, wurin usur.

Abin da ban yi tunani ba ko kaɗan shi ne mutumin ba ya karanta Larabci. A tsakiyar fili ya ciro takardar ya miƙa wa tafinta, shi kuma ya karanta da ƙarfi a gaban 'yan wasa duka. Aka fashe da dariya. Wani ya ce ashe ɗan baya yana da mai gadin bayansa, wani ya ce a tambaye shi wace ce take ƙirga masa raka'a. Tafinta ma ya ɗaga takardar ya ce wannan rubutun makarantar 'yan mata ne, mashaAllah. Yaya ya dawo gida bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya ce wa Umma ta tambayi marubuciyarta abin da ta aikata, ni kuma ya ce na tuɓe shi a gaban maza, kada in ƙara kiransa Yaya. Da Umma ta ji zancen ƙwayoyin, ba takardar ce ta ɓata mata rai ba. Ta tambaye ni sau nawa na sa mata ciwon kan da ba ta yi ba. Na ce uku. Ta juya ta ci gaba da wankinta.

Bayan kwana biyu, da la'asar, mudarrib ya zo gidanmu da tafinta. Na kai shayi bakin ɗakin baƙi na tsaya bayan labule. Dogo ne mai furfura, rana ta mai da fuskarsa ja. Ya cire takalmi ba tare da an ce masa ba, amma da zai zauna a ƙasa sai da ya dafa bango, ya miƙe ƙafar dama gefe, daidai yadda Yaya ke yi. Ya fara da ba da haƙuri, ya ce ya zaci lissafin riguna ne daga mai wanki, da ya sani da a keɓe za a karanta masa. Sannan ya naɗe wandonsa ya nuna wa Baba tabon ɗinki dogo a kan gwiwar.

Ta bakin tafinta ya ba da labarinsa. A ƙungiyar wata masana'anta ya fara, a wani ƙaramin gari mai sanyi, daga nan aka ɗauke shi babbar ƙungiya a babban birninsu, har aka fara maganar kiransa ya yi wa ƙasa wasa. Sai ya ji ciwo a gwiwa ana gab da wani babban wasa, ya ɓoye. Ya shiga wasan da allurar kashe zafi, kafin a tafi hutun rabin lokaci gwiwar ta tsinke. An yi masa aiki sau biyu, ya dawo ba gudu, ya yi ta gangarowa ƙananan ƙungiyoyi har ya ajiye takalmi da sauran ƙuruciyarsa. Daga nan ya koma koyar da yara, sannan manya, har aiki ya kawo shi Jidda. Ya ce mahaifiyarsa ta ga kumburin tun ranar farko, ya roƙe ta ta yi shiru, ta yi, kuma har ta rasu ba ta yafe wa kanta ba.

Ya tambayi wanda ya rubuta takardar. Yaya ya nuna labule da haɓa, ya ce ita ce kuma mai ɗaure masa gwiwar. Mutumin ya juyo ya ce wa labulen shukran da wani irin harshe mai nauyi. Ya ce shi da aikinsa kallon ƙafafu ne sati biyu bai gani ba, domin mai ɗaurin ta iya ɗauri fiye da kima, kuma kada ta sake. Baba ya ce to a ba ta usur ɗin mana, tunda ta fi su gani. Har Umma na jiyo dariyarta daga kicin. Ni kuwa kuka nake.

Washegari da kansa ya kai Yaya asibiti. Likita ya ce jijiyar ta fara yagewa, wasa ɗaya zai ƙarasa ta. Yaya bai buga wasan ba, babbar ƙungiyar ta ɗauki wani, kuma damar ba ta sake dawowa ba. Kusan wata biyu bai yi min magana ba. Amma duk lokacin jinyar mudarrib yana zaunar da shi kusa da shi a benci, yana jera masa marafan kwalba a ƙasa yana nuna masa yadda ake tsara 'yan baya. Yaya ya warke, ya ƙara shekaru yana wasa, daga baya shi ma ya zama mai horar da yaran unguwa. Ranar da ya huce, burodin tamis mai zafi da dafaffen waken ful ya ajiye a gabana, ya ce marubuciya ta ci ta ƙara ƙarfin hannu. Mudarrib ya koma ƙasarsu, ba mu sake jin labarinsa ba. Ban taɓa ce masa ko kalma ɗaya ba, kuma har yau ina gode masa.

Abin da nake nadama ba takardar ba ce, sati biyun nan ne da na yi ina ɗaure ciwo ina kiran hakan amana. Da gwiwar ta tsinke a cikinsu, da hannuna a ciki. Ina roƙon 'yan'uwa, musamman masu kunya irina, in wanda kuke so ya ce ku rufa masa asirin ciwon da zai iya nakasa shi, kada ku karɓi wannan alkawari. Ku faɗa wa babba tun ranar farko, da baki, a keɓe, kada ku bi ta hanyar da za ta kunyata shi kamar yadda na yi. Zai yi fushi, amma fushi yana wucewa. A azumin da ya gabata mun je Umra, gwiwoyina ni ne suka gaza, Yaya ne ya tura ni a keke duk zagayen ɗawafi da ƙafafunsa. Da ya zauna tahiya a bayan Maƙamu Ibrahim, tsohuwar ɗabi'a ta sa na kalli ƙafar hagunsa. A naɗe take.