Mama Firisila, Wadda Ta Zubar da Kunun Bikin 'Yarta

Kafin ma'aikata su fara fita daga unguwar Daɗin Kowa a Jos, tukunyar Mama Firisila Pam ta hau wuta. Zoɓo take yi da kunun aya da ruwan abarba, tana sayarwa a bakin makarantar firamare. Ruwan haɗi sai ya tafasa, robobin zubawa sai sun sha sabulu da ruwan zafi. Ruwan abarbar ma in ta tace sai ta ɗora shi a wuta, don zafi ya kashe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani.

Mun sha yi mata tsiya: "Mama, wannan ai shayin abarba ne!"

Sai ta ce, "Oga, sha shayi ka tafi ofis. Ɗanye zai kai ka asibiti."

Mu mutanen Jos muna da wani ruɗin kai: mun ɗauki sanyin garinmu firij. Mama Firisila ba ta taɓa yarda da wannan ba, ko a ranar da ƙin yardar ya jawo mata kunya.

Ranar auren 'yarta Tina ce. An ɗauke wuta tun jajibiri, kunun ayar da ta cika firiza da shi ya kwana ba sanyi. Baƙi sun cika rumfa. Ngozika, gwaggon ango, ta ɗanɗana ta ce, "Mama, bai yi tsami ba. Sanyin Jos ya riƙe shi, a raba kawai."

"Ba a jin ƙwayar cuta a baki," in ji Mama. "Kuma yara ne za su fara sha."

Ta sa aka juye shi duka a kwata. Amarya ta yi kuka, baƙi suka sha ruwan leda, aka daɗe ana gulma wai rowa ce. Ina wurin, 'ya'yana suna gaban layi da kofi a hannu.

Mama Firisila, ke ce kika zaɓi a zage ki a kan a kwantar da ɗan wani a asibiti. Wallahi kina burge ni.

Bana gwiwa ta hana ta tsayuwa, ta miƙa wa Tina tukunyar. Amaryar da ta yi kuka ita ma tafasawa take yi. Masu sayar da abin sha a robobi, ku je ku ga yadda ake yi.

Ba a saba yi wa mutum godiya a kan cutar da ba ta zo ba. Mama, yau mun yi miki. Mun gode da kunun da ba mu sha ba.