Azurfar Hajiya Balki da Hatimina na Ƙarya

Ni ɗan Damagaram ne, ɗan mai sayar da goro, kuma har na bar gida ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Karatu ne ya kawo ni Faransa. Ina zuwa jami'a a Saint-Denis, ranar Asabar kuma ina aiki a Paris, a shagon wani tsohon Bature mai cinikin tsofaffin kuɗin ƙarfe, na azurfa da na zinariya. Aikina shara da ɗaukar kwali, amma kunnena a buɗe yake.

A nan na koyi yadda sana'ar take. Mai tsohon kuɗi ba ya kai shi kasuwa haka kawai. Yakan aika shi gidan tantancewa, masana su duba ko na gaske ne, su ba shi maki gwargwadon yadda ya tsira daga gogewa, sannan su rufe shi cikin ɗan akwatin roba mai hatimi da lamba. Kowa na iya duba lambar a intanet. Makin nan shi ne farashi, kuma mai saye ya fi yarda da hatimin a kan rantsuwar mai kaya.

Mutanenmu suka ji labarin akwai yaronsu da ya san tsofaffin kuɗi. Wani direba ɗan Chadi ya fara kawo mini guda ɗaya da ya samu a kayan kakansa. Na juya shi, na yamutsa fuska kamar yadda maigidana yake yi, na ce ba wani abu ba ne. Na ba direban kuɗin shayi, na sayar da abin da tsada. Kunya ta dame ni ranar, amma ba ta kai mako ba. Daga nan na sayi akwatunan roba da na'urar liƙewa, na ƙirƙiro sunan kamfani da Faransanci mai daɗin ji, na zama gidan tantancewa ni kaɗai a ɗakina. Karatu kuwa na yi masa sallama.

Abin da ya sauƙaƙa mini aikin shi ne kunyarmu. Bature ko ɗan'uwansa ne sai ya nemi takarda. Namu kuwa, in ka gaishe shi da kyau, ka tambayi gida da yara, nauyi yake ji ya ce ka rubuta masa abin da ka karɓa.

Haka aka haɗa ni da Hajiya Balki, wata dattijuwa 'yar Maradi da ke zaune a Stains. Mahaifinsu ya rasu ya bar tsofaffin kuɗin azurfa na zamanin Turawa. 'Yan'uwanta suka damƙa mata su, tunda ita ce a ƙasar da aka san darajarsu, ta sa a tantance kafin a sayar a raba gado. Da na je ta ajiye mini fura, ta kwance ƙyalle. Kuɗin suna ta walƙiya.

"Na wanke su da toka da lemun tsami, ɗana," in ji ta. "Ba a kai ma baƙo abu da dauɗa."

Na san ta rage musu daraja da wankin nan, amma na ɓoye mata hakan. 'Yarta, wadda ta girma a nan, ta ce, "Mama, ki ce ya ba ki reçu mana, takardar shaidar ya karɓa." Hajiya ta harare ta. "Ke, mi ne ne haka? Yaron ga namu ne."

Na tafi da kuɗin, daga baya na mayar mata da na jabu a rufe cikin akwatunana, na ce makinsu kaɗan ne, gara a ajiye su don tunawa. Na gasken kuma na liƙa musu maki mafi girma, na sayar da wasu, na hau jirgin ƙasa da sauran zuwa Lyon, inda ake wata kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi kuma ba wanda ya san fuskata.

Wata mata mai teburi a can ta ɗora madubinta a kan guda ɗaya, ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan an goge shi, ga zanen gugar nan birjik, kuma babu gidan tantancewa na gaske da zai ba gogaggen kuɗi wannan maki. Ta nemi lambar a wayarta, ba ta samu ba. Ta ce in zauna ta kawo mini kofi. Ni kuma, gwanin wayo, na zauna. 'Yan sanda ne suka zo kafin kofin.

Alƙali ya tura ni gidan kaso. Ba zan ce an zalunce ni ba. A can wani ɗan garinmu da ya zo duba ni ya ba ni labarin da ya fi ɗaurin ciwo. Hajiya ta riga ta aika akwatunan Maradi. Yayansu, Alhaji Isufu, ya kai wa maƙeri, aka fasa, aka tarar ƙarfen banza ne. Suka ce ita ta musanya ta ci gadon. Takardun kotu na Faransanci ba su gamsar da kowa ba, suka ce ita da yaronta ne suka shirya. Suka daina ɗaukar wayarta.

Da na fito na samu aiki a gidan burodi a nan Lyon. Ina tashi da wuri, ina komawa gida da garin fulawa a riga, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na yanzu ba. Na yi aure, ina biyan mutane haƙƙinsu kaɗan-kaɗan. Amma sai da na daɗe kafin na iya hawa benen da Hajiya Balki take zaune a Stains.

Ta amsa gaisuwata har ƙarshe, ba ta rage ko ɗaya ba. Na durƙusa na nemi gafara.

"Ni na yafe tuni," ta ce. "Amma ba shi nika so ba. Ga waya. Kira Isufu da lambarka, ka hwaɗa mishi da bakinka."

Na kira. Na faɗi sunana da na mahaifina da unguwarmu, don ya san inda zai kai ƙarata in ya so. Na faɗa masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Tana nan kusa? Ba ni ƙanwata." Na miƙa mata, na fita na ja ƙofa. Ina kan matakala na ji tana kuka tana dariya.

Kai matashi, in tsohon kuɗi ya zo hannunka, kada ka wanke shi. Ka zaga wurin dillalai daban-daban ka tambayi hatimin wane gida suke yarda da shi, ka duba da idonka cewa lambobinsa suna fitowa a intanet. Ka guji wanda zai ba kayanka maki kuma shi ne zai saya. Ka ɗauki hoton gaba da baya, ka karɓi takarda, ko da mai karɓar ya iya gaisuwa kamar ni.

In kuma kai ne aka kawo wa amanar don kana jin harshen mai ita, ka ji tsoron Allah. Ni da na yi satar na san ranar da zan fito. Hajiya Balki, da ba ta ci ko anini ba, ta yi salla bayan salla da waya a gefenta, ba wanda ya kira daga gidan ubanta.