Na Ce Masa Ya Kama

Maigidana a soja ya koyi walda. Da ya yi ritaya muka dawo Zuru, ya kafa rumfa a bakin hanya yana gyaran garma da amalanke da ƙofofin mutane. To wutar lantarki a lokacin sai ta kwana huɗu ba ta leƙo ba, janareta kuma ba mu da ƙarfinsa. Sai ya koma wa wata dabara da ya koya a daji lokacin yana aiki. Batirin mota uku zai jera, ya haɗa su da waya mai kauri, ya maƙala waya ɗaya a jikin ƙarfen da ya karye, ɗayar kuma ta riƙe sandar walda. Shi ke nan. Wuta ta tashi, ƙarfe ya narke.

Abin da ya ba shi suna ke nan, don rumfarsa tana iya tafiya. Motocin da ke shiga ƙauyuka ɗauko dawa da gero, ta wajen Kanya da Bena, kullum cikin karyewa suke. Hanya ba hanya ba, kaya ya fi ƙarfin mota, ga mutane a sama. Idan akori-kura ta karye a daji, babu mai janyo ta. Sai a aiko a ce Saje ya zo. Haka direbobi ke kiransa, ni kuma Mama. Ya ɗaure batira a babur ya tafi.

Batir ba kamar wutar gari ba ne. Sanda huɗu, biyar in ka yi sa'a, ya fara sanyi. Saboda haka babu wasa, babu bari in sake. Abin da ka yi da farko shi ne aikinka.

Yana da baƙin gilashi guda, ragowar wata hular walda da ta fashe. Sau da yawa ba ya sa shi. A ƙarƙashin mota yana kwance, hannu ɗaya na riƙe ƙarfe, ɗaya na riƙe sanda, da wane hannun zai riƙe gilashi? Sai ya runtse ido kawai. Ya dawo gida ido ja wur, hawaye na zuba, yana cewa kamar an zuba masa yashi. Ni kuma in ɗiga masa madarar gwangwani, in jiƙa tsumma in ɗora masa. Haka matan masu walda duka suke yi. Da safe ya tashi garau. Shekaru muna haka. Da madarar ba ta yi masa daɗi ba, da ya je asibiti tun da wuri. Ni na ɗiga, da hannuna, ban ɗora wa kowa laifi ba.

Da idon ya fara dushewa muka je asibitin, likita ya haska shi ya daɗe yana kallo. Ya ce can ciki ne ya ƙone, ba yanar ido ba ce da za a kankare. Ya ce ya bar walda. Maigida ya ce to. A hanyar dawowa ya tsaya ya sayi sandunan walda.

Na yi masa faɗa. Ni dai duk unguwa sun san bakina. Ko a zumuntar mata ta coci, in miya ta yi gishiri ni ake jira in faɗa. Na ce masa makanta yake nema da ƙafarsa. Ya ce in ya zauna, mi zai zama? Yaranmu biyu suna soja can nesa, ɗiyarmu tana gidan mijinta, gonar tudu kuma gwiwarsa ba ta hawa. Walda ce kaɗai ta rage da ake sallama a ƙofar gida ana nemansa. Na ƙyale shi.

Da idon ya ƙara dushewa, sai ya zama in ya sa gilashin ba ya ganin komai ke nan, duhu kan duhu. Rannan ya miƙo mini shi. Ya ce ke riƙe, ki zama kina gaya mini. Tun daga nan na fara bin sa. Ya daina hawa babur da kansa, duk wanda ya zo kira shi zai kwashe mu da batiranmu. Zannuwana duk suka yi huji-huji saboda ruwan batir.

Ga yadda muke yi. Zai lalubi tsagar da yatsa tun daga farkonta har ƙarshe, ya goge wurin, ya sa bakin sanda. Ni in durƙusa kusa da kafaɗarsa da gilashi a ido. Wuta na tashi ina ganin tsagar kamar baƙin zare, narkakken ƙarfe na bin ta. In ce hagu. In ce kaɗan. In ce sauka, ka tsaya, ci gaba. Hannunsa kuwa ya san aiki, ko a kunne yana jin in sanda ta yi nisa da ƙarfe. In an gama ya ɗaga kai ya ce, ya kama? In ce ya kama, ko in ce bai kama ba, ƙarshen ya kauce. Sai ya bari ya huce, ya kankare ƙurar saman, ya bi da yatsa ya tabbatar.

Direbobi suka mai da mu abin dariya, amma dariyar daɗi. Wani mai ƙaton ciki da ke jigilar kasuwar Bena kullum sai ya ce, Saje, a bariki kai ke ba da oda, yau ga ka ana ce maka hagu dama. Maigida ya ce ai tun ranar da ya gama yi wa iyayena noman aurena ake ba shi oda, ba yau aka fara ba. Ni kuma in ce wa direban ya rage tuwo, rabin abin da ke karya sifirin motarsa a gaban rigarsa yake. Shekara biyu muka yi haka. Ban taɓa jin daɗin zama da shi kamar a shekarun nan biyu ba, gaskiya ke nan.

Amma hannun ma ya fara rawa. Ina gani ta cikin gilashi. In ce hagu, ya wuce. In ce dawo, ya zarce. Layin da a da yake fita santal ya koma kamar sawun tsutsa. Ban gaya masa ba. Nakan ce ƙara kaɗan a nan, ya ƙara, ya rufe. Ya ɗauka ƙarfen yanzu ne ba shi da kyau.

Wata rana ƙarshen damina, da hantsi, aka zo kiranmu. Motar mai ƙaton cikin nan ce, a hanyar Kanya, kusa da wani rafi. Ƙarfen da ke riƙe sifirin baya ne ya tsage. An sauke buhunan dawa a gefe, mata 'yan kasuwa suna zaune a kai, sun kai goma. Hadari ya haɗo ta gabas. Kowa na cewa in rafin ya cika sai dai a kwana nan.

Muka shiga ƙarƙashin motar. Sanda ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. A ta uku tsagar ta lanƙwasa ta yi sama, shi kuma ya miƙe. Na ce sama. Ya hau ya wuce. Na ce sauko, hannu ya yi rawa, sanda ta liƙe, ya fizge. A ta huɗu na ji ƙarar wutar ta canza, batira sun fara sanyi. Ya ja layi mai kauri, kyakkyawa ma, amma a gefen tsagar yake, kamar faɗin yatsa. Ƙurar walda ta malalo ta rufe tsagar. Mai kallo daga waje zai ce an gama.

Ya ɗaga kai, gumi na zuba, idon nan fari-fari yana neman inda nake. Direba ya sunkuyo, matan sun taso sun kewaye mu.

“Uwar yara, ya kama?”

Ni da nake faɗa wa fasto cewa wa'azinsa ya yi tsawo. Na dubi mutane, na dubi batiran da babu sauran ƙarfi a cikinsu. In na ce bai kama ba, babu abin sakewa, kuma kafin yamma duk tasha ta ji cewa Saje ya ƙare.

Na ce, “Ya kama.”

Ya ce a bari ya huce ya taɓa. Direba ya ce haba Saje, Mama ta ce ya kama, wa ya isa ya musa wa Mama? Aka yi dariya, aka loda buhuna, iska ta fara kaɗawa. Mu muka hau babura muka juyo gida. A zuciyata ina cewa rabin da ya kama zai kai su.

Bai kai su ba. A hawan da ke bayan rafin ƙarfen ya balle, motar ta karkace. Buhuna suka zube cikin ruwa. Wata mai sayar da daddawa ta faɗo daga sama ta karya ƙugu. Na san ta, daga baya ma a ajin yaƙi da jahilci ɗaya muka koyi karatu da ita, tana zuwa da sanda. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

Bayan kwana biyu direban ya zo gida. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya gaishe mu, ya zauna, ya ƙi shan ruwa. Ya ciro guntun ƙarfen daga buhu ya sa wa maigida a hannu, ya ce ya ga ya kamata Saje ya gani da kansa. Sai ya tuna da idon Saje, ya sunkuyar da kai. Ya yi sallama ya tafi.

Maigida ya bi layin waldar da yatsa. Ya bi bakin karayar. Ya koma ya sake bi. Ina tsaye da muciya a hannu.

Ya ce, “Kin gani a lokacin?”

Na ce na gani.

“Tun yaushe hannuna ke kaucewa?”

Na ce tun damina waccan.

Ya ce, “Ke da bakinki.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Bai sake walda ba. Babu ma wanda ya sake aikowa. Batiran suka zauna a zaure har suka kumbura, ya ba mai gwangwan. Idon kuma ya ƙarasa rufewa duk da ya daina, kamar yadda likita ya ce zai iya yi.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Ina dafa masa, ina kai shi coci yana riƙe da kafaɗata, muna hira, wani lokaci har dariya. Amma bai ƙara tambayata yadda wani abu yake ba. In yana son sanin ko rigarsa ta yi datti, ko dawar maƙwabta ta fitar da kai, ko hadarin nan na ruwa ne, sai ya jira wani ya shigo ya tambaye shi. Ina zaune a gefensa.