Tabon Garwashi a Kujerar Baya

Idan ka shiga unguwar Galtimari ka tambayi gidan Mahfuz dillalin shanu, za a ce maka, "Wanne? Mai motar nan da ba ta tafiya?" To, shi ne. Kakansa makiyayi ne. Ubansa, Alhaji Abdulsalami, ya ajiye sanda ya shigo gari ya kama dillanci, shi kuma ya gaji sana'ar. Mahfuz zai ɗaga leɓen bijimi ya faɗa maka shekarunsa, amma in maɓallin rigarsa ya tsinke sai ya jira matarsa Zulaiha. Wannan bawan Allah ne ya wayi gari ya ce zai gyara cikin mota da hannunsa.

Motar Fijo 504 ce, fara, ta mahaifinsa. Tun rasuwar tsohon take ajiye a gindin darbejiyar tsakar gida, kaji na saka ƙwai a kujerar direba, ɓeraye sun mai da soson kujerun unguwarsu. Tun rasuwar kuma mahaifiyarsa Inno ba ta taka ƙofar gida ba. Idonta ya yi rauni, ta gama takaba ta ci gaba da zama. Biki, suna, dubiya, amsarta ɗaya ce: "Ni ba na shiga keken haya mai ƙafa uku. Motar Alhaji kaɗai na sani." Maganar nan ta tsaya wa Mahfuz a rai, domin yana son uwarsa, kuma yana kallon ɗaki yana cinye ta a hankali.

Sai ya kori kajin, ya kwance kujeru ya baje su a kan tabarma. Ya je Kasuwar Litinin ya sayo soso da fata da basilla da gam, ya dawo ya zauna gaban waya yana kallon wani Bature na ɗinke kujera cikin ɗan lokaci. Shi nasa ɗan lokacin ya ci damina guda. Ya soke yatsa, ya manna hannun rigarsa da silin motar, ya taɓa ɗinke fata da wandonsa har sai da Zulaiha ta zo da almakashi ta raba su.

"Abban Yusra, ga masu kushin cike da gari," in ji ta.

"Motar babana ce, bare ba zai taɓa ta ba. Ke ma kada in ga kaskon turarenki kusa da ita."

Ya san da wa yake magana. Zulaiha 'yar Barno ce ta gaske, wadda ko tsintsiya ta saya sai ta turara ta.

A ƙarshe dai abu ya yi kyau, gaskiya. Kujeru sun tashi tsaf, sitiyari ya sha sabuwar riga, har wata tsohuwar ƙuna mai muni da ke gefen kujerar baya ya kawar da ita, yana alfahari. Ya kamo hannun Inno ya zaunar da ita a baya. Ta shaƙi warin gam, ta shafa kujerar ta dama, ta sake shafawa kamar mai neman allura.

"Ta yi kyau," ta ce. "Ta waye?"

Ta lallaɓa ta fito ta koma ɗaki. Ranar Mahfuz bai ci tuwo ba. Zulaiha kuwa ta shiga wajen surukarta da ƙwaryar fura, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari yana dawowa daga kasuwar shanu ya hango hayaƙi na fita ta tagogin motar. Ya saki salati, ya suri bokiti, ya watsa wa kansa rabin ruwan kafin ya iso. Yana buɗe ƙofa ƙamshi ya doke shi. Kasko ne a ƙasa yana aikinsa, kuma a gefen sabuwar kujerar baya ga ƙuna baƙa ƙirin, daidai faɗin babban yatsa.

"Zulaiha!"

"Na'am. Garwashi ne ya faɗi."

"Daga ƙasa ya faɗi zuwa sama?"

"Ikon Allah ke nan, Abban Yusra."

Sai ga Inno ta fito da kanta, tana bin ƙamshin da hanci. Ba wanda ya riƙe ta. Ta shiga ta zauna, hannunta ya tafi dama, yatsanta ya faɗa cikin ƙunar. Sai ta yi dariya, dariyar da gidan ya manta sautinta.

"Ya waladi, ɗana, ka san wa ya yi ƙunar farkon? Ni. Ranar da ubanka ya kawo motar nan na ce sai na turara ta. Garwashi ya faɗi. Ya yi fushi har ya ƙi cin abinci, irin naka na jiya. Daga baya masu gyara suka ce su toshe, ya hana. Ya ce sa hannuna ne, kowa ya san wurin zaman wa ke nan." Ta goge ido da gefen lafaya. "To, me kake jira? Kai ni gidan ƙanwata a Umarari."

Mahfuz ya faɗa kujerar direba, rigarsa na ɗigar ruwa, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Damina guda yana fama da kujeru, bai taɓa tuna batir ba.

Haka unguwa ta fito ta ga Zulaiha riƙe da sitiyari, dillalin shanu a baya yana turi yana haki, Inno ta hakimce, yatsanta a cikin ƙunar. Da suka wuce ƙofar gida ta karkato kunne wajen gilashin baya, ta saurara.

"Tura, ɗana," ta ce. "Ko nishin naka irin na ubanka ne."