Kwalbar Humrar Goggo

Jiya a unguwar Safa ƙanwata ta buɗe kwalbar humrar da Goggo ta bari. Ƙamshin sandal ya cika falo, sai ga ni a gidanmu na unguwar Karantina, tun kafin a rushe shi.

Goggo takan ce zafi ne ke kashe humra kafin ta nuna. Ba mu da na'urar sanyi a lokacin. Sai ta naɗe kwalabenta a jiƙaƙƙen buhu, ta jera su bayan randa, inda rana ba ta leƙawa. Safe da la'asar takan kara kwalba a kumatunta. In ta ji ɗumi, a ƙara wa buhun ruwa. Haka har shekara ta zagayo.

To, wa ke ƙara ruwan? Ƙanwata. Ranar da na miƙa hannu, Goggo ta buge shi.

"Halas, ya isa, ke dai! Daga murhu kike, hannunki da zafi. Bar wa ƙanwarki."

Ni ke dafa abincin gidan, su biyu suna lungun sanyi suna ƙus-ƙus. Na yi jikoki, wallahi abin bai bar ni ba. Kwalbar ƙarshe ma ita aka bar wa.

Jiya ta miƙo mini ita. "Yaya, yalla, maza riƙe mana."

Na tashi na tsoma hannuwana a ruwan sanyi tukuna, sannan na karɓa, na kara a kumatuna.

"Da ɗumi," na ce mata. "Kin yi sakaci."

Allah ya sanyaya makwancinki, Goggo. Ranar da ya haɗa mu a Aljanna, ya zaunar da ni kusa da ke, ƙanwata ta biyo baya.