Yaƙin Kan Ƙyauren Gwaggo

Duk ranar Asabar bayan la'asar, mu magidanta masu furfura mukan haɗu a bayan shagon wani abokina a nan Haɗeja, mu shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, mu jera sojojin roba waɗanda ba su kai ɗan yatsa tsawo ba. Akwai mahaya masu sulke, akwai 'yan baka, akwai wasu halittu masu haure da har yau ban gano ƙasar da suke biyan haraji ba. Ƙanin mai shagon ne ya aiko da su daga ƙasar waje, haɗe da littafin dokoki da ya fi littafin nahawun da nake koyarwa kauri, ya kuma fi shi samun masu biyayya. Da tef ɗin tela ake auna tafiyar runduna, da ɗan ludo ake yanke wa soja hukuncin mutuwa. Abokaina sun ɗauka a hannunsu na koyi wasan, ni kuma na ƙyale su, don mutum yana son ya ji ya koyar da malami. Gaskiyar magana, na yi yaƙina na farko tun ina firamare, a kan ƙyauren ƙofa.

Shekarar ruwa ya yi yawa. Gwaggo Hauwa, ƙanwar babana, tana aure a wani ƙauye kusa da Guri, kogi ya tumbatsa ya cinye musu gida. Ta iso gidanmu da tukwane, da akuya, da 'yarta Falmata, da ƙyauren ɗakinta na katako. Mijinta, Baba Modu, ya tsaya can yana gadin abin da ya rage. Wanda bai san fadama ba zai yi mamakin mai gudun ruwa da ƙyaure a ka. Mu ba ma mamaki. Bangon ƙasa in ya narke ya koma inda ya fito, gobe a sake kwaɓa shi. Ƙyaure kuwa sai an je wurin kafinta.

Aka kai shi rumfar Iya, kakarmu ni da Falmata, aka kwantar da shi a kan tubala saboda danshin ƙasa. Iya 'yar mutanen Barno ce, Hausarta na da ɗan lanƙwasa irin ta can. Da an idar da magariba sai ta hura wuta a kasko, ta ɗora ɗanyen ganyen darbejiya don hayaƙi ya kori sauro, ta jera masara a gefen garwashi. Sauron ba ya tafiya. Mu ne dai idonmu ke yin ja.

Falmata ta girme ni kaɗan, kuma taubashiyata ce, wato al'ada ta ba ta lasisin zagina. Amma da ta zo ba ta yi amfani da shi ba. Ba ta magana, ba ta zama. Ta je bakin zaure ta dawo, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta sake komawa zaure. Wata rana ta tarar da ni na jera dawakaina na yumɓu a kan ƙyauren, ta tsaya tana kallo.

"Wannan doki ne ko kare?" in ji ta.

"Doki ne. Na sarkin yaƙi."

"Allah ya jiƙan sarkin yaƙi."

Ta karɓi yumɓun, ta murza, ta fito da doki mai wuya da kunnuwa, har da mahayi. Kafin mako ya zagayo muna da runduna biyu. Tsinken tsintsiya ne mashi, murfin kwalba garkuwa. Tata rundunar mahaya ce zalla, ta naɗe su da tsumma wai 'yan lifidi. Tawa ta 'yan baka ce da dodanni, don dodo ba ya buƙatar gwaninta: duk abin da ya fito daga hannunka, ka ce haka Allah ya yi shi.

Iya ce ta kafa mana dokoki, don ta gaji da ihu. Ɓawon gyaɗa ake watsawa a ga wanda ya kashe wani. Ta hana watsa wuri, irin kuɗin mutanen da, ta ce wannan kayan 'yan caca ne, ɓawon gyaɗa kuwa ba ta taɓa jin wanda ya rasa gona a kansa ba. Gefen ƙyauren da ke wajena muka lulluɓe da ganyen bado, shi ne fadama, dokin da ya shiga ƙarfinsa ya ragu rabi. Sojan da ya mutu a jefa shi cikin ƙwaryar ruwa ya jiƙa, gobe a sake gina shi. Tafiya kuma da taƙi ake aunawa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. A nan rigima ta tashi, don hannun Falmata ya fi nawa, dawakinta suna cin ƙasa kamar motar haya.

"To ku kawo," in ji Iya. "Daga yau hannuna ne ma'auni. Wanda bai yarda ba ya kai ƙara wurin sauro."

Sai dai hannun Iya na fama da sanyin ƙashi. Ranar da aka yi rana ya buɗe sosai, ranar da hadari ya haɗu yatsun su ƙi rabuwa. Haka manyan rundunoni biyu suka koma tafiya gwargwadon lafiyar gaɓoɓin tsohuwa. Na karanta tarihin yaƙe-yaƙe da dama daga baya, ban ga abin ya bambanta sosai ba.

Kullum Falmata ce da nasara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ni ba na iya jira. Da an ce bismillah sai in tura kowa gaba, dodo da ɗan baka, su yi karo da dawakinta a fili, kafin masara ta gasu rundunata tana cikin ƙwarya. Da safe in tashi in sake gina su ina ƙunƙuni. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, in ci Falmata ko sau ɗaya.

Ana haka sai babana ya dawo daga kasuwa ya ce ruwa ya fara ja, da hanya ta buɗe Baba Modu zai zo ya kwashi iyalinsa da kayansu. Kowa ya ce alhamdulillahi. Ni ma na ce, da baki. Kayansu, ai har da filin daga ke nan. Daga ranar, in an tashi makaranta sai in bi ta bakin kogi in duba inda ruwa ya tsaya a jikin wata bishiya. Ina jin duk ƙasar Haɗeja ni kaɗai ne nake baƙin cikin ganin laka ta fara bushewa.

Wani yammaci na zo ina rawar jiki, na fara jera dodannina a sahun gaba. Iya ta ɗora hannu a kan ƙyauren.

"Maigida, ajiye. Yau babu yaƙi sai an ji magana. Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri."

"Ta zo ta zauna," muka ce, ni da ɓacin rai.

Wai an yi wani Sarkin Tudu, in ji Iya, wanda ya ci garuruwa har ya rasa na ci, sai ya ji labarin mutanen fadama. Ya taso da 'yan lifidi, mutum da doki duk an naɗe su da rigar auduga mai kauri, kibiya in ta sauka a jikinsu sai ta yi barci. Mutanen fadama kuwa ba su da sarki. Wata tsohuwa ce mai hawa ƙaton gora a ruwa tana kamun kifi suke jin maganarta, ita ce kuma dodannin ruwa ke tsoro, don ta san iyayensu. Babban dodo, mai kan kada, ya zo yana huci ya ce a bar shi ya fita ya gamu da su a fili. Tsohuwa ta ce a'a, a ja baya. Suka ja baya, suka bar wuta tana ci da tukunya a kai. Sarki ya iso, ya ci tuwon, ya ce matsorata ne. Washegari dodo ya ce yau fa? Tsohuwa ta ce a ƙara ja. Suka bar masa rumbu. Dodo ya ciji jelarsa don haushi.

"Iya, har yaushe?" na ce.

"Ka ji ɗan'uwan dodo. Zauna."

Haka aka yi ta yi, sarki na bi, ƙasa na ƙara laushi a ƙarƙashin kofato, shi bai lura ba, don idonsa na kan bayan masu gudu. Ranar da ruwa ya kai cikin dawaki, auduga ta fara sha. Rigar da ta hana kibiya shiga ba ta hana ruwa ba. Kowane doki ya zama kamar an ɗora masa wani dokin. Suka tsaya cak cikin ciyawa, ba gaba ba baya. Sai ga tsohuwa a kan goranta, ta zo ta gaida sarki da ladabi, ta tambaye shi ko ya iya iyo. Ya tuɓe lifidi, ya tuɓe rawani, ya koma Tudu a ƙasa daga shi sai wando.

"Ta ƙare a nan," in ji Iya, tana juya masara. "Ƙaryar da ke ciki tawa ce, sauran naku."

Na fahimta, ko dai na ɗauka na fahimta. Washegari da aka buɗe fage, sai na ja rundunata baya taƙi guda. Falmata ta dube ni.

"Lafiya? Ko dodannin sun sha tsamiya?"

Ta matso da dawakinta. Kashegari na ƙara ja. Ta raɗa mini suna Sarkin Gudu, har Gwaggo ta kama. Ban taɓa shan wahala irin ta kwanakin nan ba. Hannuna yana ƙaiƙayin tura babban dodona gaba, sai in zauna a kan hannun. Ga hadari ya ƙi wucewa, hannun Iya ya ƙanƙance, tafiyar yini guda ba ta wuce faɗin yatsu uku. Ga ruwan kogi kullum yana sauka a jikin bishiya. Ina gudu a kan katako, lokaci yana gudu a waje, kuma ya fi ni sauri.

Har dai aka kai yammacin da dokin Falmata na ƙarshe ya taka ganyen bado. Duk 'yan lifidinta suna cikin fadama, 'yan bakana sun zagaye su. Na ɗebi ɓawon gyaɗa zan watsa. Sai ladan ya kira isha.

"An rufe kasuwa," in ji Iya. "Gobe."

"Iya, jifa ɗaya!"

"Allah na kira kana cewa jifa ɗaya? Tashi ka yi alwala, maigidan banza."

Washegari ban ji komai a aji ba. Ana kaɗa ƙararrawa na zuba da gudu. Ina shan kwana na hango motar a-kori-kura a ƙofar gidanmu, an ɗora tukwane, an ɗora akuya, ƙyauren yana tsaye a gefe an ɗaure shi da igiya tamau. Baba Modu ya miƙo mini hannu yana tambayar karatu. Sojojin kuwa Iya ta tattara su a faifai, doki a kan dodo, dodo a kan ɗan baka, ba a san na wa ya kama na wa ba. Falmata na zaune a kan buhu. Da motar ta tashi ta ɗaga murya.

"Sarkin Gudu! Ka ci gaba, ka kusa kaiwa Barno!"

Na daɗe ina riƙe da tatsuniyar nan a zuciya. A ganina ta cuce ni. Da na yi ta kai hari irin nawa, wataƙila ɓawon gyaɗa ya tausaya mini wata rana. Har na girma ina gaya wa ɗalibai cewa haƙuri abu ne mai kyau, amma a riƙa duba ranar da mota za ta zo.

Bara aka yi sunan jikar Falmata, na je. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Bayan an watse na tayar da maganar, don malamin makaranta ba ya barin tambaya ba amsa. Na ce mata ta faɗa tarkona ba ta sani ba. Ta ajiye kwanon da take wankewa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Habu, ni kurma ce? A gabana fa aka ba da tatsuniyar."

A duk shekarun nan wannan bai taɓa zo mini a rai ba.

"To me ya sa kika biyo ni?"

"Da can kafin isha na gama da kai. In na kwanta, ba abin da nake gani sai bangon ɗakinmu yana zamewa cikin ruwa. Da ka fara gudu sai na samu abin tunani: gobe ina zan sa wannan doki, ina zan sa wancan. Da shi nake barci."

A nan na gane ba don in ci yaƙi Iya ta ba da labarin ba. Tana da jikoki biyu da suka kasa zama, ɗaya don zumuɗi, ɗaya don abin da idonta ya gani, sai ta nemo irin yaƙin da ba ya ƙarewa da wuri ta ba mu. Ni na ɗauka ni ne tsohuwa mai gora. Ashe aikina kawai in yi ta ja baya, yarinya ta samu inda za ta bi har ruwa ya sauka. Na yi aikin da kyau, ba tare da na san an ɗauke ni ba.

Duk da haka akwai abin da ya rage.

"Amma tsakani da Allah, Hajiya, da an kai washegari, da na ci ko?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauki kwanonta.

"Da ka ci mana. Shi ya sa na ce wa Baba ya ɗaure ƙyauren kafin a tashi makaranta."